Washegarin Biki: Nasiha ga 'Ya'yana Ma'aikatan Malanville



Ina gaishe ku duka: ku da ke zaune a biro, da ku da ke sito da rumfunan kasuwa, da direbobi da yaran mota a tasha, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da masu fito tsakanin nan da Gaya. Sallah ta ƙarato, na kuma ga an fara zagayawa da takarda ana rubuta sunaye. Wane ya ba da jaka biyu, wance ta ba da jaka ɗaya, za a yi walima a wurin aiki, za a saya wa maigida kado, wato kyauta. Abu ne mai kyau. Mutanen da suka sha rana tare shekara guda sun cancanci su zauna a inuwa ɗaya su sa hannu a kwano ɗaya. Amma kafin ku rufe lissafin, ku ba tsoho aron hankalinku.

Tun ina da ƙarfin ƙafa nake da wata al'ada. Duk washegarin biki, in an idar da sallar asuba, nakan bi ta bakin kasuwa in gangara har gindin gada. Ranar biki kowa ado yake kallo, shaddar wane, lallen wance. Sai washegari gari yake nuna abin da aka yi masa. Baƙar leda ta rataya a kan kowace ƙaya kamar jemagu. Ledar fiya wata ta cike lambatu. Robobin lemo da farantan nan da ake ci sau ɗaya a yar sun taru a ƙofar ma'aikatu, shinkafar da ta kwana tana tsami a cikinsu, awaki na cusa baki. In na isa bakin ruwa sai in tarar da masunta suna tsince leda daga taru kafin su kai ga kifi. Shekara da shekaru ina wannan tafiya, abin kuwa gaba yake yi.

Dattawan da na tarar sun gaya mini cewa kafin Faransawa su laƙaba wa garin nan sunan gwamnansu Malan, Tassi ake ce masa, wato yashi da harshen Dandawa. Da yashinsa aka san shi. Yau in ka sa fartanya a yashin nan, da wuya ka yi sara uku ba ka ɗago tsohuwar leda ba. Abin da muka zubar kuma ba a nan yake tsayawa ba. Kogin nan, da wasu ke ce wa Kwara wasu ke ce wa Isa, daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Ya ratsa Bamako da Yamai kafin ya iso mana, daga nan ya faɗa Najeriya, ya wuce Yawuri da Jebba da Lakwaja har ya kai teku. Duk wanda ke gangaren ruwan nan maƙwabcinmu ne ko ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, kun kuwa san abin da aka karantar da mu game da haƙƙin maƙwabci. Ledar da ta fita daga walimarku, ruwan sama zai kai ta lambatu, lambatu ya kai ta kogi, wata baiwar Allah a Yawuri ta sa tulunta ta ɗiba.

Maganata guda ce, sauran duk rassanta ne: kowace kyauta da kowace walima tana da washegari. In za ku saya, in za ku dafa, in za ku ƙunsa, ku tambayi kanku me zai rage in gari ya waye, wa kuma zai ɗauki nauyinsa.

Iyayenmu ba su san kalmar muhalli yadda ake ta faɗinta a rediyo yanzu ba, amma kyautarsu ba ta barin ɓarna a bayanta. Ku dubi sunan da muke kiran kyautar da shi, goron Sallah. Goro a huhu yake zuwa daga kurmi, lulluɓe da ganye. In an raba an gama, ganyen ya koma ƙasa ya zama taki. Har ƙidayarsa da ƙwarya ake yi, goro ɗari shi ne ƙwarya guda. Tuwon Sallah a akushi ko langa ake zuba shi, a rufe da faifai, yarinya ta ɗora a ka ta kai gidan abokin aikin babanta. Uwargidan can ta juye, ta wanke, ta jefa ɗan wani abu a ciki, don kwano ba ya komawa gida wofi. Langa ɗaya sai ta yi Sallah ashirin tana kai da kawowa tsakanin gida biyu, yaran gidajen su tashi sun san juna saboda ita. Leda kuwa in ta tafi ta tafi. Ba wanda zai tako ya dawo maka da ita, balle ku gaisa.

Ni kaina ban gane wannan ba sai da na yi kuskure da hannuna. Na yi shekaru ina riƙe da wani biro na fitar da kaya a garin nan, mu wajen talatin, Hausawa da Dandawa da Fulani da 'yan kudu. Wata shekara ciniki ya yi albarka, sai na ce bikin ƙarshen shekara, wanda muke ce wa bonane, za a yi shi irin wanda ba a taɓa yi ba. Aka sayo katan-katan na lemon roba, da buhunan fiya wata, da farantai da cokula na yarwa, da furannin roba, da balan-balan. Kowane baƙo aka miƙa masa kado a naɗe cikin takarda mai ƙyalli: kalanda, da 'yar fitila mai batir, da agogon bango irin na araha. Aka ci aka sha, aka yi ta yaba mini.

Washegari na yi sammako. Na tarar da dattijuwar da ke share mana wuri, mace ce da ta isa ta haife ni, tana duƙe tana cusa tarkace a buhu. Ta cika buhu huɗu, ko rabi ba ta yi ba. Na ce, "Inna, ina kwana?" Ta ɗago ta ce, "Lafiya lau, Alhaji. An yi biki lafiya? Allah ya maimaita mana." Sai a lokacin na tuna ba wanda ya gayyace ta, ba wanda ya ajiye mata ko loma ɗaya, ga kuma rabin tukunyar shinkafa ta lalace a bayan ɗaki. Da ta gama, ta ja buhunan bayan katanga ta cinna musu wuta, don ba ta da inda za ta kai su. Ta tsaya cikin baƙin hayaƙin tana tari. Ba a yi wata uku ba fitilun nan duk suka mutu, na riƙa ganinsu a juji, yara na fasa batiran suna wasa da su. Na kashe kuɗi mai yawa don a ce na yi alheri, sai nauyin abin ya sauka a kan wadda ta fi kowa rauni a cikinmu. Har yau in na tuna tarin nan nata, raina ba ya min daɗi.

Ku fara da leda, don ita ce babba. Ku tambayi mahautan garin nan abin da suke cirowa daga tumbin dabbobi. Akuya ko tunkiya in ta ji ƙanshin mai da gishiri a jikin leda sai ta haɗiye. Cikinta ba ya narkar da ita, sai ta dunƙule ta tare wuri. Dabba na ci tana ramewa, mai ita na ta sayen dusa da magani, har ta faɗi. Mace nawa ce ta yi wata shida tana kiwon rago don ta sayar da Sallah ta rufa wa kanta asiri, leda ta kashe mata shi? Ledar da ta tsere wa bakin dabba kuma, lambatu take toshewa. Mu da muka san abin da ruwa ke yi wa Malanville da Karimama in kogi ya cika a watannin Agusta da Satumba, ba sai an koya mana amfanin hanyar ruwa ba. In an ƙona ta, hayaƙinta guba ne. Don Allah ku daina hura gawayi da ita, ku daina zuba koko ko miya mai zafi a cikinta.

Hukuma ma ta yi magana. Nijar ta kafa dokarta kan leda a 2014. Ƙasarmu Benin ta kafa tata a watan Disamba na 2017, ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da ledar da ba ta ruɓewa. Amma ku da idonku kuna ganin yadda take yawo a gari. Ruwanda ta hana tun 2008, ta kuma tsaya a kan hanin, shi ya sa duk wanda ya je Kigali da labarin tsabtar titunanta yake dawowa. Masana sun ce a cikin duk robar da duniya ke zubarwa, abin da ake sake sarrafawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran sai juji da wuta da ruwa. Doka ba ta da ƙafar da za ta bi kowa kasuwa. Hannun mai saye ne ke karɓar leda, shi ne kuma zai iya cewa, "Bar ta, na zo da kwandona."

To, me za a bayar? Ba sai kun yi nisa ba. Kuna zaune a garin da ake cewa in ka cire Dantokpa ta Kwatano, babu kasuwa kamar tasa a ƙasar nan. Ga fadamar shinkafa ta noman rani, hekta sama da 500, ana ba ta ruwa daga kogi. Ga matan da ke turara shinkafar su shanya su kai kasuwa. Ga albasar da ake lodawa mota-mota zuwa kudu. Ga wagashin matan Fulani, ga man kaɗe, ga zuma, ga busasshen kifi, ga kilishi. Ga masu saƙa tabarma da kwando da faifai. A ce biro ɗaya mai mutum talatin ya yanke shawara cewa kadon bana tiya biyar-biyar ce ta shinkafar gida da 'yar albasa a cikin kwandon kaba. Kun ga tiya 150 ke nan an saya a hannun manomin Garu ko Madekali, da kwando talatin a hannun mai saƙa. Kuɗin a gida ya tsaya. Shinkafar a ci, kwandon uwargida ta shekara tana zuwa cefane da shi, in ya tsufa a hura wuta da shi. In kuma dole sai an naɗe kyauta, ɗankwali ko yadin atamfa ya fi takarda mai ƙyalli, don naɗin ma zai shiga akwati ya yi amfani.

Ba kuma kowace kyauta ake riƙewa a hannu ba. Ku saya wa ɗan mai gadi littattafan makaranta. Ku gyara wa ɗan aike babur ɗinsa da ya daɗe yana turawa. Ma'aikaciyar da iyayenta ke Kandi ko Paraku, ku raba aikinta a tsakaninku, a ba ta kwana biyu ta je ta yi Sallah da su. Irin wannan ba ta barin ko tsinke a ƙasa, kuma ba a mantawa da ita.

Sannan ku duba inda kyautar ta dosa. Ruwa gangare yake bi, haka ya kamata kyauta ta yi. A wuraren aiki da yawa an juya abin. Ƙananan ma'aikata ne ke matse aljihu su saya wa shugaba agogo na uku, ko kofunan gilashin da za su yi ƙura a kabad, mai shara da mai gadi da ɗan dako kuwa sai "barka da Sallah" ta fatar baki. Abin da aka ba wanda ba ya bukata, juji yake jira. Shugaba na gari, addu'a da aiki mai kyau sun ishe shi, in kun matsa ku haɗa masa da goro da turare. Ku kuma da Allah ya ɗora a kan wasu, ku riga su magana. Ku ce kada a tara muku komai, a mayar da kuɗin ga na ƙasa.

Akwai wata maganar da dole in faɗa, tunda mu mutanen bakin iyaka ne. Kyautar da aka kai wa ma'aikacin duwan, wato kwastam, ko wani mai sa hannu, alhali takardunka na kan teburinsa, ko an kira ta goron Sallah kun san sunanta na gaskiya. Ku nisance ta, ko kai ne mai miƙawa ko kai ne mai karɓa. Wannan dattin tsintsiya ba ta share shi.

Hausawa sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ba na son a faɗi haka a kan ɗayanku. Kun ga halin da garin nan ya shiga da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023. Manyan motoci suka yi layi iya ganinka, kaya ya lalace a cikinsu, 'yan dako da masu abinci da masu kabu-kabu suka wayi gari babu ciniki. Gidaje da yawa ba su gama miƙewa ba. A irin wannan hali kada karo-karo ya zama tilas, kada a liƙa sunaye a bango da abin da kowa ya bayar. A ajiye akwati a rufe, kowa ya jefa daidai ƙarfinsa, wanda bai samu ba ya zo ya ci ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Haka batun anko. Ranar mata ta 8 ga Maris a fitar da atamfa, ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu a buga riga da hula, ƙaramar Sallah a yi wani, babba a yi wani. 'Ya'yana mata, ku buɗe akwatunanku ku ƙirga zannuwan da aka ɗaura sau ɗaya tak. In ana son a fito iri ɗaya, a zaɓi launi kawai, kowa ya nemo a cikin abin da yake da shi. Ko a yi anko ɗaya mai kyau, kada a buga shekara a jikinsa, ya yi muku biki da yawa.

Ranar walima kuwa lissafin a fili yake. Mutum arba'in a zafin nan namu, kowa ya sha fiya wata uku, leda 120 ke nan a wuni ɗaya, ban da robobin lemo. Ba 'yan matan da ke tallarsa a tasha nake zargi ba, abincinsu suke nema, matafiyi mai ƙishi kuma ba shi da zaɓi. Amma walimar da aka yi mako biyu ana shiryawa tana da zaɓi. Sababbin randuna biyu, ko babbar kula mai famfo, da ruwa mai tsabta, da kofunan da za a wanke, sun kawar da wannan duka. A ware moɗa ɗaya ta ɗiba, kada kowa ya tsoma kofinsa, don lafiyar jama'a amana ce. Maimakon lemon roba, ku ba matan unguwa aikin zoɓo da kunun aya da ruwan tsamiya da fura da nono. A ci a babban tire, biyar-biyar, yadda muka tashi muna ci. In babu farantai ku aro daga gidajenku, ko ma'aikatar ta sayi na ƙarfe sau ɗaya ta ajiye a sito. A shimfiɗa tabarmi a inuwa da rana, ba sai an tayar da janareta ba, ba sai lasifika ta hana maƙwabta da marasa lafiya barci ba.

Na san abin da za ku ce: wa zai wanke? Ku ne. Kada a bar wa mata kaɗai, kada a bar wa mai shara. Da muka sauya tsari a wurinmu ni nake fara naɗe hannun riga, kuma hirar bakin baho takan fi ta wurin cin abinci daɗi, don a nan babba da yaro ke sakin jiki. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ku ƙirga baki kafin a ɗora tukunya, don addininmu ya hana almubazzaranci ko da a ranar farin ciki ne. Tun kafin a fara rabo a cire kason masu gadi, da direban da ke hanya, da almajiran makarantar allo ta kusa, da masu jinya a asibiti. A kai musu da zafinsa, a rufe, a kwano mai kyau, kada a jira sai an jagwalgwala. Ragowar da mutum ba zai ci ba, masu kiwo na so.

Babbar Sallah tana da nata batun. A nan da tsallaken kogi mun saba jera raguna a kan sanduna kewaye da wuta. Abin sha'awa ne, ba na ce a bari ba. Amma ku lura da amalanken itacen da ke shigowa gari a makon, ku tambayi masu kawowa daga ina suke saro shi, da nisan da suke yi yanzu in an gwada da na da. In ma'aikatarku za ta yanka, ko kuwa ku abokan aiki kuna unguwa ɗaya, ku haɗa wuta guda. Wutar da za ta gasa rago ɗaya za ta gasa huɗu. Ku sayi busasshen itace, kada ku ƙarfafa masu saran ɗanye. A haƙa rami don jini da abin cikin tumbi a binne, kada a kwarara a lambatu, kada a kai bakin kogi inda mata ke wanki yara ke wanka. Fata a sa mata gishiri da wuri a ba majema, kada a bar ta ta ruɓe a bola. Naman rabo ku aiki yaro da kwano, ya juye ya dawo kamar da. Dabbar nan don Allah aka yanka ta, bai dace ibadarka ta bar wari a ƙofar maƙwabci ba.

Kyautar da na fi so ita na bari ƙarshe. Shekarar da ta biyo bayan wancan bikin na bonane, mun ajiye kuɗin furannin roba da balan-balan har damina ta sauka, muka sayi dashe: mangwaro, da dogon yaro, da zogale, da lemun tsami. Kowane ma'aikaci aka ba shi guda ya kai gida. Shida muka dasa a ƙofar biro, kowanne aka ɗora wa mutum ɗaya ban ruwansa. Biyu awaki suka cinye, don ba mu kewaye su da ƙaya da wuri ba. Huɗu suka rayu. Na bar aiki tuntuni, amma in na bi ta wurin nakan ga direbobi kwance a inuwar, mai shayi ya kafa teburinsa, ba wanda ya san wa ya dasa. Malamai sun karantar da mu cewa duk abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya amfana da shi daga itacen da ka dasa, ladan na gare ka.

Sallah na zagaya shekara, wani lokaci a tsakiyar rani take faɗowa. In haka ne ku yi alkawarin dashen ranar biki, ku cika shi da saukar ruwa. Ƙasarmu ta ware ranar 1 ga Yuni don bishiya tun 1985, 'yan'uwanmu na Nijar kuma ranar 3 ga Agusta suke nasu. Kada ku raina itace ɗaya. Manoman Maradi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, tohon gawo da sauran itatuwa kawai suka riƙa bari a gonakinsu, suna rage rassa suna kula, har suka farfaɗo da ƙasar da aka ƙiyasta ta kai hekta miliyan 5. Da wuƙa da haƙuri suka yi wannan, gona bayan gona.

Ku kai wannan magana wurin aiki da ladabi. Kada ku miƙe a taro ku kunyata wanda ya saba shirya biki, kada ku nuna wa maigida kun fi shi sani. Ku same shi a keɓe ku ce, "Ranka ya daɗe, ga wata 'yar shawara, in an yarda mu gwada bana." Ku nuna masa a takarda abin da za a rage, don mai dukiya da lissafi yake ji. Ku fara da abu ɗaya, bana ruwa, baɗi farantai. Sannu ba ta hana zuwa. Ku jawo 'yan'uwanku Kirista da aiki ya kawo su daga kudu, don abin da na faɗa a kan Sallah ya hau kan Kirsimeti da sabuwar shekara. Ku kai musu langa ranar Sallah, za ta dawo muku a Disamba. In za a zauna shawarar biki kuma, ku kira mai shara ta zauna, ku ji ta bakinta. Ta fi ku duka sanin abin da biki ke bari.

Dattijuwar nan da ta share mana biro ta rasu, Allah ya jiƙanta. Amma ta ga walima bakwai bayan waccan, a tabarma ɗaya da mu take zama, ta koma gida da kwandon shinkafarta a ka, washegari kuma sharar ba ta cika kwano ba.

Ƙafata ta yi rauni yanzu. Duk da haka in Allah ya kai mu, washegarin Sallar nan zan dogara sandata in bi ta ƙofar ma'aikatunku, in gangara gindin gada kamar yadda na saba. Ba sai na tambayi kowa yadda aka yi biki ba, lambatu zai ba ni labari. Ina fatan in dawo gida ina sa muku albarka.

Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a nemanku, ya buɗe mana hanyoyi, ya nuna mana Sallah lafiya, ya maimaita mana.